Jari ko alƙaryar fim: me 'yan fim na Birnin Kebbi za su nema wajen gwamnati?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne masu shirya fim a Birnin Kebbi, muna da 'yar ƙungiyarmu, yawancin ayyukanmu a YouTube muke sakawa. An yi mana alkawarin za a sada mu da kwamishina. To kanmu ya rabu biyu: wasu sun ce mu nemi jari a raba wa furodusoshi, wasu sun ce mu nemi a gina mana alƙaryar fim, wato wurin da aka keɓe don ɗaukar finafinai, ko ma tsaya da ƙafarmu kamar Kano. Kai da ka daɗe a harkar, wanne ya fi? Kuma tallafin gwamnati yana tayar da masana'antar fim kuwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko hannun gwamnati na iya ɗaga harkar fim a gari irin Birnin Kebbi, sannan in Allah ya sa kun shiga ofishin kwamishina, wace buƙata za ku gabatar. Yana iya ɗagawa. Amma abubuwan nan biyu da kuke jayayya a kansu, rabon jari da ginin alƙarya, su ne na ƙarshe da zan ba ku shawarar ku nema. Da ni ne, zan roƙi gwamnati ta riƙa sayen aikinmu, ta kuma rage mana tsadar yin sa. Bari in kawo dalilai, kada ka koma wa abokanka da hukunci babu hujja.

Kanon da kuke hange

Kannywood ba da kuɗin gwamnati ta tashi ba. Fim ɗin da aka fi ambata a matsayin na farko, Turmin Danya, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da shi a 1990. Abin da Kano take da shi a lokacin shi ne ƙungiyoyin dirama da suka daɗe suna wasan daɓe, da marubuta littattafan soyayya masu labari a hannu, uwa uba kuma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, waɗanda ke karɓar fim su buga kaset su watsa shi har Nijar da Gana da Kamaru. Furodusa ya san in ya kammala akwai mai saye. Gudummawar gwamnati da ta fi amfani a can ma ba da sunan tallafin fim aka yi ta ba. Gidan talabijin na CTV da aka kafa zamanin Abubakar Rimi yana buƙatar shirye-shiryen da zai cike lokaci da su, sai ya jawo 'yan dirama, a nan da yawansu suka fara sanin kyamara da tace hoto.

Daga baya ne gwamnatin Kano ta shigo da doka. An kafa hukumar tace fina-finai ta jihar a 2001, sannan a 2007 aka dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni. Furodusoshi da dama suka tattara komatsansu suka koma Kaduna. Kaduna ba ta kashe ko sisi ba, sai ga baƙi masu kama ɗakin otal, masu hayar mota, masu sayen abincin mutum talatin a rana. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa: sa hannun ma'aikaci a takarda yana iya korar masana'anta ko jawo ta fiye da buhun kuɗi.

Kuɗin da aka riga aka gwada rabawa

Ba ku ne farkon masu neman jari ba. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da asusun dala miliyan 200 na masu harkar nishaɗi, ta hannun Bankin Masana'antu da bankin NEXIM. Rance ne, banki kuwa sai da jingina, da rajistar kamfani, da lissafin shige da fice na shekaru. Ƙaramin furodusa da kadararsa ba ta wuce rubutaccen labari da kwamfuta ɗaya ba, ko fom bai kai ga cikewa ba. A 2013 aka zo da Project ACT Nollywood na naira biliyan 3, wannan kyauta ce, aka kasa ta zuwa horo, shirya fim da rarrabawa. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa lamunin na masu ƙirƙira da kuɗin ruwa kashi 9 cikin ɗari, mu kuwa a nan ka san mutum nawa ne za su ja da baya da zarar sun ji kalmar ruwa. Ba na cewa babu wanda ya amfana. An samu waɗanda suka je horo suka dawo da ilimi na gaske. Amma babu wani gari a Arewa da za ka nuna ka ce waɗannan kuɗaɗe ne suka kafa masa masana'anta.

Na taɓa zama cikin kwamitin rabon irin wannan tallafi a wata jiha da ba zan ambata ba. Ranar da aka sanar, sunayen 'yan fim da muka sani ba su cika shafi biyu ba. Kafin mako ya zagayo takarda ta yi kauri: ga ƙanen wane, ga direban wane, ga mutanen da ba su taɓa taka lokeshin ba. Aka ce a yi adalci kowa ya samu. Da aka raba, kason mutum ɗaya bai isa ɗaukar fitowa (wato sin) goma na fim ba, ya dai isa sayen babur, kuma babur ɗin da yawa suka saya. Ba na ganin laifinsu, mai iyali ne aka miƙa wa kuɗin da ba za su yi fim ba. Abin da ya fi ci mini rai, ƙungiyar da ta shiga ofis a dunƙule ta fito gida biyu, kowane ɓangare da shugabansa da hatiminsa.

Ku 'yan Kebbi ba sai an yi muku dogon bayani ba, kun gani a shinkafa. A nan aka ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a watan Nuwamban 2015. Rance ya shigo, wasu suka ɗauke shi rabonsu ne daga arzikin ƙasa, biya ya zama rigima. Abin da ya zaunar da manomi a fadama rani da damina shi ne tabbacin mai saye: ga kamfanin casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga fatake daga ko'ina suna jiran shanshera. Fim ma haka yake, kuma ciwonsa na yanzu ke nan. Kasuwar faifai ta mutu, 'yan danlodin suna tura fim a waya da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, furodusa bai ga ko kwabo a ciki ba. Abin da ya rage shi ne tashoshi irin Arewa24 da ta fara a 2014, sai YouTube da kuke ciki. YouTube kuwa ba ya fara biya ta hanyar talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan ya riƙe kashi 45 ya ba ka 55. Kuɗin tallar da ake samu daga mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na mai kallo a Saudiyya ko Turai ba. Jarin da aka zuba a fim ɗin da wannan ce kaɗai kasuwarsa, sau ɗaya zai zagaya ya ƙare.

Batun alƙarya

A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar fim ta kimanin naira biliyan 3 a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano. Malamai suka yi ca a kan mumbari da rediyo, aka janye aikin. In an kasa a Kano, inda dubban mutane ke ci daga fim, kada ku zaci a ƙasar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, za a yi shi ba tare da an fara zama da malamai da sarakuna ba. Ko alƙarya ko ba alƙarya, wannan zaman wajibi ne a kanku. Ku je da kanku, ku nuna musu ayyukanku, ku ji ƙorafinsu kan shiga da rawa da kwanan 'yan mata a lokeshin, ku rubuta wa kanku ƙa'ida kafin a rubuta muku.

Ko da kowa ya amince, gini ba ya kawo aiki. Ɗan kwangila ne zai fara cin riba, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu babu kuɗin man janareta, rufi na yoyo, mai gadi na bin albashi. Sannan me za a gina muku da Allah bai riga ya ba ku ba? Ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, da fadamun Argungu, ga gidan tarihin Kanta wanda tsohuwar fada ce, ga duwatsun Zuru, ga tsibiran Yawuri a Kogin Neja, ga kasuwar Jega ranar cinta. Mai fim a Kano sai ya yi tafiya ya biya kuɗi kafin ya samu rabin wannan.

Abin da ke hana ku cin moriyar wuraren nan shi ne izini. Na taɓa buƙatar ɗakin asibiti na fitowa biyu kacal. Muka rubuta takarda, aka ce a kai ma'aikata, ma'aikata ta ce mai sa hannu ya tafi taro, da ya dawo aka ce fayil ɗin bai iso ba. Duk wannan jarumai na zaune a masauki ana ciyar da su, hayar kyamara na tafiya. Ƙarshe ɗakin wani abokinmu muka share, muka shimfiɗa farin zane a gado, muka rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da yake rataye hularsa. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya gane ba asibiti ba ne. Wannan asara ba jari ne maganinta ba. Maganinta ofishi ɗaya ne mai ma'aikaci ɗaya da aka ɗora wa alhakin izinin ɗaukar fim a gine-ginen gwamnati, da kuɗin da aka rubuta a fili, da wa'adin kwanakin da dole a ba da amsa, da takardar da ɗan sanda da ɗan Hisba za su gani su ƙyale ku. Kwamishina na iya yin wannan ba tare da ya jira kasafin kuɗi ba, shi ya sa nake son ku fara da shi. In ya kankama, masu fim na Kano da Sakkwato ma za su riƙa zuwa, yaranku su samu aiki a bayansu su koya.

Gwamnati a matsayin mai saye

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne kuɗin gaske yake. Kowace shekara ma'aikatun jiha da ƙungiyoyin agaji da ke aiki da su suna kashe kuɗi a kan wayar da kai: rigakafin yara, tamowa, awon ciki, sa yara makaranta, gargaɗin ambaliya irin wadda ta cinye gonakin shinkafa a 2020, sa rigar kariya a jirgin ruwa bayan haɗarin Wara na watan Mayun 2021 da ya ci rayuka masu yawa. Sau da yawa aikin wani kamfani na Abuja ko Legas ake ba, ya rubuto da Turanci, a fassara, a sa wa mutumin Ngaski saƙo da Hausar da ba tasa ba. Ku nemi a ware wani kaso na irin wannan aiki ga kamfanonin da ke da rajista a jiha. Kuɗin da ma za a kashe su, hanyarsu kawai za a karkato. Kuma kuna da abin da na waje ba shi da shi: za ku iya yin gajeren fim ɗaya da Hausa, ku sake shi da Zabarmanci don Dandi, da Dakarci don Zuru, da Fulatanci don rugage, da muryoyin mutanen wurin.

Amfanin wannan a kan kyauta shi ne akwai wa'adi, akwai mai duba aiki ya ce sauti bai fita ba a sake. Furodusan da ya yi irin wannan aiki sau uku ya koyi rubuta kasafi, ya koyi ajiye rasit, yana da takardar shaidar kammala aiki da zai nuna wa banki ko wata ƙungiya gobe. Sai dai ku tsaya kan sharuɗɗa uku, in ba haka ba zai zama muku masifa. A tallata aikin a fili kowa ya nema. A biya wani kaso kafin a fara. A rubuta ranar biyan ragowar. Na ga ƙananan kamfanoni da suka ci bashi suka yi wa hukuma aiki, fayil ya kwanta a ofishin biya har gwamnati ta sauya, suka sayar da kyamara suka biya masu binsu.

Haɗe da wannan akwai gidan talabijin da rediyon jiha. Ku nemi a ba ku wani lokaci tsayayye a mako na fim mai dogon zango, ba tare da kun sayi lokacin ba, a raba kuɗin talla tsakaninku da gidan, haƙƙin mallaka kuma ya zauna a hannunku don ku sa a YouTube daga baya. Wannan magana ta haƙƙin mallaka a rubuta ta baƙi da fari. Ni mai shirya fim ne ba lauya ba, don haka ku nemi lauyan da ya san sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ya duba muku kowace yarjejeniya kafin ku sa hannu.

Kayan aiki da horo

In har za a kashe sabon kuɗi, a kashe su a ɗakin tace fim mai sola da intanet mai ƙarfi, da kayan sauti da fitilu na haya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama ɗaya daga cikin manyan masu cin kasafin ƙaramin fim. Ban sa kyamara a gaba ba da gangan. Kyamara tana tsufa da wuri, kuma wayoyin yanzu ma suna ba da hoto mai kyau. Sauti ne ke tona asirin fim ɗinmu. Ka saurari yawancin abin da ake sakawa: jaruma na kuka, bayanta injin ban ruwa na ruri, iska na dukan makirfo, sai edita ya rufe da kiɗa har maganar ta ɓace. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma in bai ji magana ba zai wuce. Kayan kuma kada a damƙa su hannun shugaban ƙungiya, ko da waliyyi ne. A ajiye su a wata makaranta ta jiha, da ma'aikaci mai kula, da littafin shiga da fita, da ɗan kuɗin haya da zai isa gyara.

Horo kuwa, ku guji bitar kwana uku a zauren otal da ake ƙarewa da satifiket da kuɗin mota. Gara a ɗauko gwani ɗaya na sauti ko haske ya zauna da ku a lokeshin har a gama aiki guda. Sannan hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta sa Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos cikin makarantun da take biya wa ɗalibai. Cibiyar tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka naɗa Ali Nuhu shugabanta a Janairun 2024, wato akwai wanda ya san ciwonku a can in jiha ta nemi haɗin gwiwa.

Inda hannun gwamnati ba ya kaiwa

Duk abin da na lissafa ba zai mai da Birnin Kebbi Kano ba. Yawan jama'a da jarin 'yan kasuwa ba ɗaya ba ne, kuma akwai sassan jihar da matsalar tsaro ba za ta bari a kai ma'aikata da kaya ba a yanzu. Gwamnati kuma ba za ta rubuta muku labari ba. Abin da ke ba ni takaici da finafinan da ke fitowa daga yankinmu shi ne kwaikwayon Kano: yaron da aka haifa a Argungu ya shiga gaban kyamara ya murɗe harshe, labarin kuma falo ne da mota da kishiya. Alhali masu jin Hausarku ta Kabi a Gaya da Doso da Dogon Dutsi da Yamai suna da yawa, kuma intanet ba ruwanta da rufe boda. Ga tarihin Kanta, ga rayuwar Sarkawa masunta, ga fataucin Kamba, ga bikin Argungu da UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016, ga bikin Uhola na Zuru, ga bikin Rigata na Yawuri. Wannan ne kayan da babu mai shi sai ku.

Sai haɗarin siyasa. Duk wanda ya kusanci gwamnati za a nemi ya yi waƙa da bidiyon yabo, kuma kuɗinsa ya fi na fim saurin zuwa. Wanda zai yi, ya yi da sunan kansa. In ƙungiya ta zama reshen jam'iyya, ranar da mulki ya juya da ita za a share. Don haka duk abin da aka amince da shi ku matsa a mai da shi rubutacciyar manufa ta ma'aikata, in da hali doka daga majalisar jiha, kada ya tsaya a alkawarin bakin mutum ɗaya ko muƙamin mai ba da shawara da za a ba ɗayanku a rufe bakin sauran.

Ranar ganawa, kada ku tafi ku hamsin. Mutum huɗu ko biyar sun isa, a ciki har da mace. Ku riƙe takarda mai shafi biyu: kamfanoni nawa ne ke da rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, mutum nawa ke ci daga sana'ar har da masu kwalliya da tela da mai abinci da direba, finafinai nawa kuka fitar bara, mutum nawa suka kalla kuma daga waɗanne ƙasashe, wanda shafin lissafi na YouTube zai ba ku. Ku tafi da gajeren fim na minti uku a kan wata matsala da ta dami ma'aikatarsa, ku kunna masa a waya. Ku kuma lura da lokaci: ma'aikatu suna haɗa buƙatunsu na kasafi tun watanni kafin gwamna ya kai shi majalisa a ƙarshen shekara, wanda ya zo a Janairu sai ya jira wata shekarar. Shiga kasafi ma daban, sakin kuɗi daban, saboda haka ku san babban sakatare da daraktan da fayil ɗinku zai zauna a hannunsa, ku wakilta mutum ɗaya da zai riƙa bibiya duk mako.